Baƙin da aka wanke daga mota, ina ya tafi?

Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Birnin Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Galmi ta nufi Maraɗi, ya san manyan motoci ba su yankewa a kanta dare da rana. Wasu suna ɗauke da simintin Malbaza, wasu albasar Galmi, wasu kuma kayan da suka ƙetaro iyakar Najeriya. A Tsarnawa hanya ta rabu, reshe guda ya yi arewa ta ƙasar Tajaye da Badagishiri zuwa Tawa. Kowace tirela da ta sha wannan tafiya takan iso masauki da baƙin shafi a jikinta, tun daga bakin salansa har zuwa ƙarshen bodi. Wannan baƙin shi ne kunkunniyar hayaƙin gazuwal. Direba ya biya kuɗi, samari su ɗauko bokiti da tsumma, kafin la'asar mota ta fito fes. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda baƙin ya koma.

Baƙin dai bai ɓace ba, wuri ya sake. Rabinsa ya koma hannun mai wanki, sauran ya bi ruwan wanki ya shiga ƙasa. Saboda haka wankin manyan motoci ya wuce batun ƙawa tsakanin direba da motarsa, ya zama batun lafiyar jama'a wanda ya cancanci hukuma ta sa ido a kansa.

Da farko ya kamata a san abin da ake wankewa. Kunkunniyar gazuwal mai ne wanda bai gama ƙonewa ba a cikin inji. Yana fitowa a matsayin gari mai laushi ƙwarai, haɗe da maiƙo da wasu sinadarai masu dafi. Maiƙon nan ne ke sa shi manne wa fenti da tamfol, ruwa tsagwaro kuwa ba ya ɗaga shi. Shi ya sa masu wanki da yawa ke jiƙa tsumma da gazuwal ko fetur, wasu su dama omo da soda mai kaifi, su yi ta dirza da hannu tsirara. Mota takan yi haske, amma hannu ya tsattsage, ido ya yi ja, ga haɗarin gobara in fetur ya haɗu da tartsatsin wuta ko guntun taba.

Masana sun daɗe da sanin sharrin kunkunniya. A shekara ta 1775 wani likita ɗan Ingila mai suna Percivall Pott ya lura cewa masu share bututun hayaƙin gidajen birnin Landan, waɗanda suka fara aikin tun suna yara, suna kamuwa da ciwon daji na fata saboda baƙin da ke kwana a jikinsu. A watan Yuni na 2012 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya hayaƙin injin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji na huhu. Saurayin da ya wuni a gindin tirela, inji yana ruri a kansa, yana kakkaɓe busasshen baƙi da tsintsiya, yana shaƙar abin da likitocin duniya suka yi kashedi a kansa. Ladan da ya karɓa da maraice ba zai biya masa maganin ƙirji ba.

Sai maganar ruwa. Wannan yanki na jihar Tawa arzikinsa yana cikin fadama. Gonakin noman rani na Ƙonni suna shan ruwan madatsun Mozage da Zongo da ke kan Majiya, albasar Galmi kuma da ruwan ban-ruwa ta yi sunan da ta yi a kasuwannin Afirka ta Yamma. A irin waɗannan wurare ruwan ƙasa ba ya da nisa. In aka ja tirela bakin tabki ko kusa da rijiya aka wanke ta, baƙin ruwa mai maiƙo yakan gangara inda dabbobi ke sha, inda mata ke ɗiba, inda yara ke wanka. Mai yana shimfiɗuwa a kan ruwa kamar fata, ya hana iska shiga, ya cutar da kifi. Wanda ya nutse cikin ƙasa kuwa yakan daɗe bai gushe ba. Sau da yawa wurin wanki shi ne wurin juye tsohon baƙin man inji, sai ɓarna ta zama biyu.

Wani zai ce samarin nan neman halaliyarsu suke yi, bai kamata a taɓa musu sana'a ba. Gaskiya ne. Matashin da ya zaɓi bokiti ya bar zaman kashe wando ya cancanci yabo, kuma korarsa daga bakin hanya ba ta gyara kome ba, sai dai ta mai da shi wani tabkin da ido ba ya gani. Abin da ake bukata shi ne a gyara masa wurin aiki. Masu motoci kuma za su ce kuɗin gini da kayan aiki za su ƙaru a kansu. Amma wanda ya iya sayen taya goma sha takwas ba zai kāsa ƙara ƴan dala kan ladan wanki ba. Rigakafi ya fi magani.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Kowace ƙaramar hukuma da manyan motoci ke yada zango a cikinta tana iya ware fili nesa da rijiyoyi, tabkuna da lambuna. A dabe filin da siminti, a karkata shi gefe guda, ruwan wanki ya bi kwata ya faɗa rami mai ɗaki uku. A ɗakin farko yashi da laka su kwanta. A na biyu mai ya taso sama a kwashe shi cikin duro. Ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya shiga na uku, a sake amfani da shi wajen jiƙa mota ta gaba. Magini na gari yana iya yin wannan aiki. Abin mamaki ne a ce siminti yana fita daga Malbaza tun 1966, motoci suna kai shi ko'ina cikin ƙasa, amma wurin da ake wanke motocin nan kansu ƙasa ce tsirara.

Su ma masu wanki akwai ƙa'idodin da ya kamata a koya musu. A kashe inji, a bar salansa ta huce. Kada a kakkaɓe baƙi a bushe, a fara jiƙa shi. A dama sabulu daidai, a shafa daga ƙasa zuwa sama da buroshi mai dogon mariƙi, a bar shi ya ci kaɗan ba tare da ya bushe a rana ba, sa'an nan a ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. A bar fetur da gazuwal a tankin mota. A yi hattara da soda, domin tana cin fata, tana kuma cin tankin alminiyon. Safar hannu ta roba, takalmin roba da wanka da sabulu bayan aiki su ne garkuwar mai wanki. Ƙananan yara kuwa wurinsu makaranta: dokar aiki ta 2012 ta hana ɗaukar yaro aiki, ko da koyon sana'a ne, kafin ya cika shekara 14.

Duk da haka, wanki yana magance alama ne kawai, tushen cuta yana cikin inji. Motar da ke feshin baƙin hayaƙi tana shaida wa mai ita cewa matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko bakunan fesa mai sun gaji, ko an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Baƙin da ke jikin bodi gazuwal ne da aka saya da kuɗi bai ja kaya ba. Mai motar da ya je wurin makanike a kan kari ya rage kuɗin mai, ya rage kuɗin wanki. Ingancin man ma yana da nasa rabo, domin yawan farar wuta a gazuwal yana ƙara dattin hayaƙi. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta auna gazuwal a ƙasashen Afirka takwas, ta sami wanda farar wutarsa ta ninka iyakar da aka yarda da ita a Turai har sau 378. Direban da ke zuba duk man da ya samu a gefen hanya bai san abin da ya ba injinsa ba.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Akwai doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998 kan kula da muhalli, akwai kuma dokar ruwa mai lamba 2010-09 ta 1 ga Afrilu 2010. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Ya kamata shugabannin gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela su zauna da ma'aikatan tsabta da na muhalli, da sarakuna, da ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, a tsai da wuraren wanki, a sanar da jama'a a rediyo da kasuwanni. Malaman yaƙi da jahilci su ma suna iya karanta wannan bayani a azuzuwansu, domin mai wanki ɗan wani ne, ƙanen wani ne.

Manyan motoci su ne jijiyar kasuwancin wannan yanki, kuma tsabtarsu abin so ce, musamman masu ɗaukar abinci. Sai dai tsabtar da ta bar rijiya da dauɗa, ta bar saurayi da tari, ba ta cika ba. Allah ya ba shugabanni da talakawa ikon gyarawa, amin.