A Riƙa Duba Gindin Tukunya Kafin a Sayar

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja kunnen 'yan uwana talakawa, musamman dillalai da matan gida, a kan wata asara da muke tafkawa ba tare da mun sani ba. Ni ma ta cinye ni, shi ya sa na ɗauki biro.

Lokacin da Allah ya yi wa mahaifiyarmu rasuwa, muna rabon kayan ɗakinta, sai aka sami wata tukunya mai murfi da kwanuka biyu na tangaran, masu duhu, masu nauyi. Mahaifinmu ne ya sayo su tun yana ɗan leburan gwamnati. Babu wanda ya so su, kowa idonsa na kan kwalla da samira. Ana nan sai ga wani mutum mai bin gida gida yana neman tsofaffin kaya. Ya ɗauki tukunyar ya kifa ta, ya ƙura wa gindinta ido, bai ce uffan ba, ya biya abin da muka yanka ko tayi bai yi ba. Har dariya muka yi masa bayan ya fita. Kuɗin bai kai na buhun masara ba. Sai daga baya wani malamin makaranta ya yi mini bayanin abin da mutumin nan ya gani, wallahi ranar tuwo bai wuce mini ba.

Ga asalin maganar. A ƙasar Ingila akwai wata sana'a ta maginan tukwane masu aiki da hannu a ƙananan rumfunansu, ba a kamfani ba. Uban tafiyar shi ne Bernard Leach, wanda ya koyo aikin a Japan, ya buɗe wurinsa a garin St Ives a 1920. Bayansa aka yi irin su Lucie Rie, wadda ta gudo daga Ostiriya zuwa Landan a 1938, da Hans Coper mutumin Jamus. Yau a can akwai masu kuɗin da ba su da aiki sai tara kayan waɗannan mutane, ana kai su gwanjo, kwano ɗaya ya tashi a kan dubban fam.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu kuwa. Ɗalibin Leach na farko Bature, Michael Cardew, bayan ya yi aiki a ƙasar Gana, gwamnatin Nijeriya ta ɗauke shi, ya kafa makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950. Ya zauna a nan har 1965. A 1954 wata Bagwariya daga ƙauyen Kwali ta shiga wurin, ita ce mace ta farko. Tun kafin nan ta riga ta yi suna, don Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a fada, a can ma Baturen ya fara ganin aikinta. Ita ce Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin tun 2007. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Muna kashe hotonta kullum a kasuwa, amma da za a ajiye mana tukunyarta a gaba, cikinmu mutum nawa za su gane ta?

Masu tara kayan nan a Ingila suna lissafa tukwanen Abuja cikin abin da suke nema ido rufe. Ni dai a nawa ganin, Bature ya kawo murhu da dabarar ƙyalli, amma hannu da zane namu ne, na Gwari da Hausawa da sauran 'yan ƙasa da suka yi aiki a wurin. Sai dai ba wannan ce gardamar yau ba.

Yadda ake ganewa shi ne abin da nake son jama'a su riƙe. Waɗannan magina ba su cika rubuta suna da fenti ba. Ɗan hatimi suke dannawa a jikin yumɓu tun yana ɗanye, a gindi ko can ƙasa kusa da gindi, wani bai fi girman farce ba. Hatimin makarantar Abuja sunan garin ne da rubutun ajami, saboda haka duk wanda ya yi makarantar allo ya fi Baturen Landan saurin karanta shi. Idan hatimin wuri ne kaɗai, to kayan aikin gayya ne na yau da kullum. Idan kuwa akwai na biyu a gefensa, wannan na maginin ne da kansa, kuma shi ke ɗaga daraja. Na Ladi Kwali LK ne, na Cardew MC. Haka abin yake a Ingila: St Ives harafin S da I ne a sarƙe, Leach BL, Lucie Rie LR, Coper HC. Ba abin mamaki ba ne a ci karo da irinsu a nan, tunda Turawan mulki da malamai sun bar kaya da yawa a hannun kukunsu da boyi-boyinsu.

Amma kada a tsaya a hatimi. Inda kuɗi ya shiga, 'yan damfara na biye, kuma sassaƙa hatimi ba wuya. A ɗaga kayan a ji nauyi. A ƙwanƙwasa da yatsa: tukunyarmu ta gargajiya ƙararta a dakushe take, wannan kuwa da yake an gasa ta da wuta mai tsananin zafi, ƙararta kamar ta ƙarfe. Ƙyallin jikinta kamar gilashi ne da ya narke ya kama, ba fenti ba ne da za a kankare da wuƙa. Gindin galibi ba shi da ƙyalli, ana ganin ainihin yumɓun. Tulunan Ladi kuma da hannu ta gina su ba da inji ba, ta zana kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi da tsuntsaye. Abin dariya, tulun nan mai tsada ba ya sanyaya ruwa, don ƙyallin ya toshe shi ba ya tsatsa. Ina jin shi ya sa iyayenmu suka raina su, suka jefa bayan ɗaki ana zuba dusa.

Wanda ya sami irin wannan a gidansa, don Allah kada ya dirje shi da toka ko yashi, kada ya liƙe tsaga da siminti ko ƙaro, gyaran jahilci yana karya farashi fiye da tsagar. Ya tambayi tsofaffin gida wa ya kawo shi, daga ina, a wace shekara, ya sa a rubuta a ajiye, domin masu saye suna biyan labarin kaya kamar yadda suke biyan kayan. Sannan ya nuna wa mutum biyu ko uku da suka san abin, kamar malaman sashen zane-zane na jami'a ko ma'aikatan gidan tarihi, kafin ya saurari kowane tayi. Ba kuma ina cewa kowane tsohon kasko dukiya ba ne, kada gobe a cika kasuwa da katanga ana cewa ni na faɗa.

Kirana na ƙarshe ga hukumomin gidajen tarihi ne da gidajen rediyo. Su buga hotunan hatiman nan, su yi bayani da Hausa da Gwari a ranakun kasuwa. Mutumin da ya saye tukunyar tsohuwarmu bai sace ba, ciniki muka yi da shi da rana tsaka. Kwano ɗaya ya rage a hannun ƙanwata, na je na kifa shi, ga ajamin nan raɗau. Na ce mata ko nawa aka taya kada ta sallama.

Naku,
Wani mai sayar da kayan koli,
Suleja, Jihar Neja.