Harajin Lemon Kwalba Da Makomar Kunu Da Fura A Kudu

Daga wakilinmu na Arewa

Abubuwa biyu sun faru a 'yan shekarun nan waɗanda suka shafi abin da talaka ke sha. Na farko, Gwamnatin Tarayya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari a cikin Dokar Kuɗi ta 2021, aka kuma fara karɓa a 2022. Na biyu, a watan Yuni na 2024 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Ikko, har wata jami'ar gwamnatin jihar ta ba da sanarwa cewa wasu daga cikin waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha wani kunun aya na roba wanda ba shi da rajistar hukumar NAFDAC. Watau gwamnati tana son jama'a su rage lemon kwalba, ga shi kuma an shafa wa abin shan gargajiya kashin kaji. To, ina ɗan Arewa mai neman abinci a Agege, ko Sabon Badun, ko Anaca zai sa kansa?

Dalilin harajin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya fiye da miliyan 3 ne ke da wannan cuta a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara tun 2015 cewa kada babban mutum ya wuce kamar giram 50 na sukari a yini, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, alhali robar lemo guda mai rabin lita tana iya cika wannan adadi ita kaɗai. Amma Naira 10 ba ta hana kowa sha ba, balle bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lokacin da tsadar kome ta shanye ta.

Sai dai sukari rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne abin da likitoci ke kira faiba, watau dusar hatsi da zaruruwan ganye da na 'ya'yan itace waɗanda ciki ba ya narkar da su. Aikinta shi ne ta riƙe ruwa a hanji bahaya ya yi laushi, ta hana sukari kwarara cikin jini gaba ɗaya, ta sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba, sa'an nan ta ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin babban hanji. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla giram 25 nata kullum.

Abin mamaki, a Afirka aka ɗauko wannan darasi. Wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru kusan 20 yana aiki a Yuganda, shi ne ya yi ta shela a shekarun 1970 cewa taurin bahaya da basir da ciwon dajin hanji sun yi yawa a Turai, sun yi ƙaranci a ƙauyukan Afirka, saboda Bature ya cire dusa daga alkamarsa. A 2015 kuma aka buga sakamakon wani gwaji inda baƙaƙen Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 suka yi musayar abinci na mako 2. Hanjin Amurkawan ya nuna alamun gyaruwa, na 'yan Afirka ta Kudun kuwa ya nuna akasin haka.

Wannan musaya ita ce ɗan ci-rani yake yi wa kansa ba tare da likita ba. A gida ya saba da fura da rana, tuwon dawa da miyar kuka da dare, ga kwaɗon rama da zogale. Da ya sauka Kudu sai shayi mai madara da sukari, farin burodi, taliyar leda, a kora da lemo. Duk waɗannan an tace su tas. Ba mamaki kasuwar masu maganin basir take ci a kowace tasha.

Amma fa ba kowane kunu ne ke da dusa ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Koko da kunun zaƙi ana niƙa hatsinsu a tace da kyalle, gasara ta wuce, dusa ta tafi wajen awaki. Aya tana da faiba ƙwarai, amma idan aka matse ta aka zubar da tuƙar, an zubar da mafi yawanta. Zoɓo ruwa ne kawai aka jiƙa, idan aka loda masa sukari da kayan ƙamshi na kanti bai fi lemon kwalba da kome ba. Fura ta fi su, domin ba a tace ta, in dai ba a tsananta surfe ba. Garin kwalba na 'ya'yan kuka, wanda ake damawa da nono, yana cikin waɗanda suka fi kowa, har Tarayyar Turai ta yarda a shigar da shi kasuwanninta a 2008. Gero ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa shekarar 2023 sukutum. Abin da ake rainawa a gida shi ake zawarci a waje.

Saboda haka gyaran yana hannun mutum uku. Mai sayarwa ta rage surfe, ta yi amfani da rariya mai faɗin ido, ta bar dankali ko dabino su ba da zaƙi maimakon sukari, ta tafasa ruwa, ta kuma daina zuba kunu a robobin da aka tsinto a bola. Abin da ya faru a Ikko laifin ƙazanta ne, aya ba ta da laifi. Mai sha kuma ya sani cewa kofin kunu ɗaya ba zai cika masa giram 25 ba, sai ya haɗa da wake da ganye da 'ya'yan itace, waɗanda Allah ya wadata Kudu da su. Mai ciwon sukari ya tuna fura ma hatsi ce, ya nemi shawarar likita a kan yawan da zai sha.

Na uku su ne hukuma da shugabanni. Kamun masu talla ba zai kawo tsabta ba. Abin da zai kawo ta shi ne ruwan famfo a unguwanni irin su Idi-Araba da Mile 12, da rajista mai sauƙi wadda mace mai jarin kwano biyu na gero za ta iya biya. Sarakunan Hausawa na zangonni suna da bakin da za su tara matan nan a koya musu, su kuma tambayi gwamnati inda kuɗin harajin yake tafiya. In ba a yi haka ba, tsoron amai da gudawa zai kora jama'a zuwa ga lemon kwalba, a guje wa cutar mako ɗaya a faɗa wa ta tsawon rai. Rigakafi dai ya fi magani.