SAN ƘASARKA: Timiya, garin garake cikin duwatsun Abzin

Manoma da makiyaya na kudu sun san gishirin kantu. Suna sayen shi kasuwar Tasawa, da Damagaram, da Dakwaro, su ba bisashe su lasa. Amma ba kowa ya san gidan mutanen da ke ɗauko shi ba. Filin wannan wata ya nufi can, wani gari da ake ce ma Timiya, tsakiyar duwatsun Abzin, cikin jihar Agadas.

HANYA

Mai tasowa daga Damagaram sai ya bi ta Tanut da Adarbisanat. Mai tasowa daga Tawa ya bi ta Abalak. Duka hanyoyin biyu Agadas suke haɗuwa. Baƙo ya kan tsaya nan ya ga hasumiyar babban masallaci. Da laka da itace aka gina ta, tsawonta metir 27. An fara gina masallacin wajen shekarar 1515, aka sake gyara shi a 1844. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya.

Daga Agadas zuwa Timiya ya fi kilometir 200, arewa maso gabas. Babu kwalta. Mota na hawa dutse, ta sauka cikin rairayin ƙorama, ta sake hawa. Ana wuce Almiki, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Tafiyar na cin wuni. Dutse mafi tsawo a Nijar duka cikin wannan yanki yake, kan tudun Bagzan, metir 2,022.

Duwatsun baƙaƙe ne, ba su da ciyawa sosai. Mutum na cikin tunanin ko tsuntsu ba zai zauna nan ba, sai kwari ya buɗe, ga dabino, ga garake kore shar sun bi bakin ƙorama. An iso Timiya.

GARKA DA RIJIYA

Ruwan sama kaɗan ne a Abzin. Yawancin shekaru Agadas ba ta samun milimetir 200, alhali Maradi na samun wajen 500. Hatsi ba ya yi da irin wannan ruwa. To, da mi mutanen Timiya ke noma?

In an yi ruwa bisa duwatsu, dutse ba ya sha. Ruwan duka sai ya gangaro cikin ƙorama, ya yi gudu ƴan awoyi ko ƴan kwanaki, ya wuce. Amma rairayi ya riga ya sha rabonsa, ya ɓoye ƙarƙashi. Wannan ɓoyayyen ruwa ne mai garka ke bi da rijiya.

Dabarar ɗiban ruwan sunanta takarkart. Ana kafa itace biyu bakin rijiya, a gicciya wani mai juyawa a sama. Wasakin na da dogon baki kamar hannun riga, da igiya biyu. Raƙumi ko takarkari ke ja, yaro na gabansa. In dabbar ta kai ƙarshen hanyarta, sai bakin wasakin ya sauka da kansa, ruwa ya zuba cikin kwami, ya bi lambatu har fangali. Mai garka na can da hauya, yana buɗe ma wannan fangali, yana toshe wancan.

Da wannan wahala ake samun alkama da masara, da albasa, tafarnuwa, tumatir da dankalin turawa. Ga kuma dabino, rumman, ɓaure, inabi da lemu. Lemun Timiya ya yi suna kasuwar Agadas. Lokacin ɗari yake nuna.

Yanzu injin ban ruwa ya shiga garake da yawa. Ya rage gajiya, ya ƙara faɗin garka. Amma inji na shan mai, mai kuwa kuɗi ne. Sannan inji na ɗibar ruwa fiye da raƙumi nesa. In kowa ya ja son ransa, kuma ƙorama ba ta kawo ruwa sosai ba a shekarar, rijiyoyi na sauka. Wata shekara kuma ruwan ke zuwa da ƙarfi, ya cinye gaɓa, ya tafi da garkar da aka yi shekaru ana gyara. Don haka ake jera duwatsu bakin ƙorama, a tare gaɓa.

AYARI

Mutanen Timiya Abzinawa ne, na reshen Kel Ewe. Tun kakanni sana'arsu uku ce: garka, kiwo da ayari. Gida ɗaya ya kan raba ɗiyansa, wani garka, wani bayan raƙuma. Mata da ƴan mata ke kiwon awaki, su yi cuku da nonon. In fari ya kashe ma gida bisashe, garka ta riƙe shi. In garka ta ɓaci, ayari ya kawo hatsi. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe raƙuma da yawa a Abzin, kuma bayansu mutane da dama suka koma ga garka.

Wajen watan Oktoba ayari ke tashi zuwa Fashi da Bilma. Kafin tashi sai an tara ciyawa dami-dami, don Tenere babu abin da raƙumi zai ci. Ana aza ciyawa, da salkunan ruwa, da hatsi. Madugu ke gaba. Shi ke duban rana da taurari, don babu hanya a rairayi. In ya kuskure rijiya, ran mutane da na bisashe na cikin hatsari. Zuwa da dawowa ya fi wata guda. Can sai a ba da hatsi da kuɗi, a karɓo dabino da gishiri: kantu na bisashe, beza na miya.

Bayan an huta, ayari ya nufo kudu: Damargu, Damagaram, Tasawa, har ƙasar Kano. Nan ake saida gishiri da dabino, a sayi hatsi da turkuɗi. Raƙuma su yi rani cikin gonaki suna cin kara, suna barin taki. Manomi ya samu taki, Ba'abzine ya samu masauki. Da yawa daga mazan Timiya ta nan suka iya Hausa. Yau kamiyo ya karɓe babban rabo na wannan fatauci, ayarin raƙuma ya ragu, amma bai mutu ba.

ABIN GANI

Bisa dutsen da ke kallon gari akwai wani gidan soja da Faransawa suka gina zamanin mulkin mallaka. Wanda ya hau can zai ga garin duka, da ƙorama, da garake jere. Kilometir kaɗan daga gari akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ya taru cikin tafki mai sanyi. Makiyaya na shayarwa ta wajen.

Arewa da Timiya akwai kufan Asode. Da can babban birni ne na Abzin, ayarori na sauka cikinsa. Yau sai bangayen dutse, da kangon babban masallaci, da sakaina barbaje a ƙasa. Lokacin yaƙin Kawsan, daga 1916 zuwa 1917, da abin da sojan Faransa suka yi bayansa, garuruwan Abzin da yawa sun watse. Timiya na cikin waɗanda suka sake rayuwa.

Gobirawa na Tibiri su ma suna da rabo cikin wannan tarihi. Labarin kakanninsu ya ce a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu. Bagobirin da ya je can, tsohon gida ya je.

LADABIN BAƘO

Mutanen Timiya masu riƙon addini ne, masu kunya. Namiji ba ya sauke amawali gaban surukinsa ko gaban manya. In an ba baƙo shayi, sau uku ake zubawa, sai ya zauna ya jira na ukun. Ana iya ba shi furar hatsi da aka daka da dabino da cuku, guzurin ayari ke nan. Baƙo ba ya tsinkar lemu sai mai garka ya ba shi. Ba ya wanki da sabulu inda mutane da bisashe ke sha. In ya je Asode, kada ya ɗauko ko sakaina ɗaya. In kowane baƙo ya ɗauki guda, jikoki ba za su tarar da kome ba.

Mai niyyar zuwa ya riƙe bargo, don ɗarin Disamba da Janairu cikin duwatsu ya fi na kudu. Ya guji damina, don ƙorama na yanke hanya. Ya tambayi hukuma a Agadas labarin hanya kafin ya tashi, kuma ya tafi da wanda ya san ƙasa. Tawayen da aka yi daga 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, sun rage baƙi ƙwarai, maƙera da masu saƙar kaba suka rasa masu saye. Wanda ya je, ya sayi abin hannunsu.

ABIN ƊAUKA

Ba kowa ke da kuɗin mota zuwa Timiya ba. Amma akwai fadamu a Madawa, da Konni, da Matamai, da Magarya, da bakin gulbin Maradi, inda ruwa ke kusa, ƙasa kuma ta fi ta Abzin taushi. Wanda hatsinsa bai kai shi damina ba, ya duba ko garka za ta cike gibin. Masu rijiyoyi kusa da juna su zauna su shirya yadda za su ja ruwa, tun rijiya ba ta sauka ba. In kuma raƙuman Abzin suka sauka bayan gari da rani, a tuna tafiyar da suka sha, a yi ciniki da gaskiya, a bar su su kwana gona.

A karanta ma waɗanda ba su fara shiga aji ba tukuna. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.