Wa Ya Ɗaure Bakin Yaran Gaya?

Da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, hada-hada ta koma bakin kogi, wurin 'yan kwale-kwale. A can na san wata yarinya mai tallar gyaɗa da ruwan sanyi, wadda ba za ta wuce shekara tara ba. Wanda ya yi mata Dendanci da Dendanci take amsa masa. Bakabe ya taho daga Kamba da naira, ta juya masa ita zuwa sefa tun bai gama laluben aljihu ba. Ka miƙa mata jaka guda ka ce ta ba ka na dala talatin, nan take za ta ce canjinka dala ɗari da saba'in, kuma in ka nemi rage mata ko dala ɗaya sai kun yi muhawara har ka gaji.

Wata safiya na ga yarinyar nan a aji. Mushe, wato malamin ajin, ya rubuta lissafi a allo, ɗari biyu a cire talatin, ya karanta shi da Faransanci. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Ya jira kamar ƙiftawar ido, ya ba da amsar da kansa, ya juyo ya tambaya ko an gane. Aji duka ya ɗauka da murya ɗaya: "Wi, mushe!" Har da ita. Lissafin da take yi sau hamsin a yini shi ne a allon, amma ba wanda ya gaya mata haka, ba kuma wanda ya tambaye ta yadda take yin nata.

In ka kai wannan kuka ofisoshin Yamai, ko gaban masu kuɗin agaji, amsar a shirye take: malamai ba su da horo, maganin kuma zamani ne. A saya musu tablet, a loda darussa a ciki, a tara su bita ta kwana uku ko biyar, a ba su kuɗin zama, a ɗauki hoto, kowa ya koma garinsu. Ra'ayin ya samu gindin zama har iyaye ma sun karɓe shi. Za ka ji uba yana yabon makaranta don an ce an kawo mata na'urori. Ni ban yarda ba, kuma ina ganin wannan ra'ayi yana cin kuɗin da ya kamata a kashe a wurin da ciwon yake.

Na zauna a irin wannan bita. Batun ranar shi ne yadda za a sa yara su yi magana a aji. Mai horarwa ya tsaya gaban majigi tun safe har azahar yana bayani, malamai suna kwafa a littafi. Ba a ba ko ɗayansu dama ya ce ga abin da ke damuna a ajina ba. Da ya kammala ya tambaya ko an gane, aka ce an gane. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin abin da aka zo kashewa shi aka shayar da malaman nan yini guda. Mutum yana koyarwa ne yadda aka koyar da shi, ba yadda aka gaya masa ya yi ba.

Duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. Peru ta raba wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000 a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child. Masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka bi makarantu 319 na karkara, suka fitar da sakamako a 2012: bayan wata 15 babu alamar ƙaruwa a lissafi ko a harshe. Na'urar ta shiga aji ta tarar da malami yana yi kamar jiya, ita ma ta bi sahu. Ƙasar da ta fi mu kuɗi da wutar lantarki ke nan. Mu da wutarmu ta dogara ga maƙwabta, muka kuma ga yadda aka katse ta daga Najeriya a Agustan 2023, da wane dalili za mu sa ran kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Abin da ya ɗaure bakin yaron Gaya ba ya cikin akwatin na'ura. Na farko harshe ne. Yaro ya tashi da Dendanci ko Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci, wani ma da biyu ko uku a bakinsa, ranar da ya shiga lakwal sai a ce duk ya ajiye su a ƙofa. Ta yaya zai yi gardama, ya kawo hujja, ya ce ban yarda ba ga dalilina, a harshen da bai mallaki kalma ɗari a cikinsa ba? Abin da zai iya shi ne maimaitawa, shi ya sa yake maimaitawa. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma da ke ƙarshen firamare, ko ɗaya bai cika ba wanda ya kai matakin da ake bukata a karatu. A 2019 an ɗan ɗaga, aka kai wajen uku cikin goma. A gwajin 2014 ɗin, yaran Burundi, waɗanda ke fara karatu da Kirundi, harshen gidansu, su ne suka yi zarra a azuzuwan farko. Mu ma ba baƙin wannan sani ba ne. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da harshen gida a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi, kundin da aka kafa a Maris 2025 kuma ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma a aji, malami da yawa har yanzu satar Hausa yake yi kamar mai laifi, yana leƙen ƙofa kada sufeto ya ji. Kuma ina jan kunne: a Gaya, a cire Faransanci a ɗora Hausa a kan yaron da Dendanci kaɗai yake ji, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Harshen da yaron ke tunani da shi, shi ake nema.

Sai kuma gaggawa. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta naɗi darussa da yawa a farkon shekarun 1970, ta auna tsawon shirun da malami ke yi bayan ya yi tambaya. Ta samu kusan daƙiƙa ɗaya ce. Da aka koya wa malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba su taɓa ɗaga hannu ba suka fara ɗagawa, yara suka fara yin tambaya da kansu. Wannan a ƙasar da malami da ɗalibi ke jin harshe ɗaya. To ina ga yarinyar da sai ta juya tambayar zuwa Dendanci a zuciyarta, ta yi lissafi da dala, sannan ta nemo kalmar Faransanci?

Akwai masu cewa yaro mai tambayar malami ba shi da kunya, aji mai tarbiyya shi ne wanda ko tari ba a yi. Ina girmama dattawan da ke faɗin haka, amma tarihin ƙasar nan bai goyi bayansu ba. Gaya tana cikin Dendi, inda Askiyoyin Songhai suka komo bayan yaƙin Tondibi na 1591. Kakansu Askiya Muhammad, yana sarki mai cikakken iko, ya jera wa Shehu al-Maghili tambayoyi a kan mulki da addini, amsoshin suka zama littafin da malaman Sakkwato suka dogara da shi bayan shekara ɗari uku. Je zauren kowane malamin ilimi bayan sallar asuba. Ɗalibi na karantawa, malam na fassarawa da harshen gari, ɗalibi ya tsaya ya ce: "Allah gafarta malam, nan ban fahimta ba." Malam ya koma baya. Ba wanda ya taɓa kiran wannan rashin ladabi. Mu ne muka ce matambayi ba ya ɓata.

Ba na ɗora wa malamai laifi. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. An yi ta yi musu dariya a gari, aka manta cewa su ma daga irin wannan aji suka fito. Malamin da bai amince da Faransancinsa ba tsoron tambaya yake yi, domin tambaya ɗaya tana iya tona shi a gaban yara. Amsar taron dangi ta "wi, mushe" garkuwa ce gare shi. Ka ba shi tablet cike da darussan Faransanci, ka ƙara masa garkuwa ta biyu: zai kunna, yara su kalla, shi ya tsira. Abin da zai kwance shi shi ne izini ya yi magana da harshen da shi da yaran suka ƙware a kai, da abokan aiki da zai iya gaya wa inda ya kasa ba tare da an rubuta sunansa ba.

A nan ne salula ke da aiki, kuma shaidar tana ƙofar gidanmu. A 2009 da 2010 an gudanar da shirin ABC na yaƙi da jahilci a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram, wanda Jenny Aker da abokan aikinta suka bibiya. A rabin ƙauyukan an koya wa manya amfani da 'yar salula mai maɓalli, mutum biyar suna raba guda. Waɗannan sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, domin sun samu dalilin yin rubutu bayan an tashi daga aji: akwai wanda za su aika wa saƙo, akwai wanda zai amsa. Daga baya masu binciken suka gwada wani abu mafi sauƙi, kiran malamin yaƙi da jahilci da maigari da wasu ɗalibai sau ɗaya a mako ana tambayar yadda karatu ke tafiya, sakamakon ɗalibai ya ƙaru. Duk inda wayar ta yi amfani, mutum ta haɗa da mutum.

Haka aka gani a Zambiya. Shirin OER4Schools, wanda Sara Hennessy da Björn Haßler na jami'ar Kambirij suka fara a 2009, ya zauna da malaman makarantar Chalimbana shekara guda. Suna haɗuwa a kai a kai a cikin makarantarsu, ɗaya daga cikinsu ke jagoranta. Su kalli ɗan gajeren bidiyon wani aji irin nasu, mai cunkoso da ƙarancin kaya, su tattauna yadda malamin ya yi tambaya, su tsara darasi tare, kowa ya je ya gwada, su dawo su faɗi abin da ya faru. Na'ura tana wurin, amma nauyin aikin a kan wannan zaman yake.

Mu ma muna da wannan zaman, sunansa CAPED, inda malaman makarantun da ke kusa da juna ke taruwa don ƙara wa juna sani. Sau da yawa yakan mutu saboda rashin kuɗin mai, ko ya koma wata laccar. Shi ya kamata a raya. Malama a Tanda ko Bengou ta ajiye wayarta a kan tebur ta naɗi muryar darasinta na minti goma. Ranar zama a kunna. A ƙirga tambaya nawa ta yi, nawa ne amsarsu "eh" ko "a'a" kawai, daƙiƙa nawa ta jira, yara nawa suka yi jimla cikakkiya, mata nawa a ciki. Na taɓa ganin fuskar malami lokacin da ya ji muryarsa ita kaɗai tana cika minti goma. Ya yi shiru, can ya ce: "Wallahi na ɗauka suna magana." Babu mai horarwar da zai iya gaya masa wannan ya yarda, kunnensa ne ya gaya masa. Wannan ba ya bukatar intanet. Yadda ake tura wa'azi da finafinai daga waya zuwa waya ta Xender ko memori a kasuwar Gaya, haka za a tura darasin malamar da ta iya. In ana son bidiyo, a fara neman yardar iyaye, kuma kada ya fita daga hannun malamai.

Za a ce mini aji mai yara tamanin a rumfar zana ba wurin tattaunawa ba ne. Gaskiya cunkoson zalunci ne, rumfunan kuma sun ci rayukan yara a gobarar Yamai da ta Maraɗi a 2021, dole a gina azuzuwa. Amma a aji mai tamanin ne aka fi bukatar wannan dabara. In malami kaɗai ake amsa wa, yaro zai iya yin wata guda bai buɗe baki ba. In aka ce kowa ya juya ga na kusa da shi, minti biyu, ya gaya masa yadda ya samu amsa, yara arba'in ne ke magana a lokaci ɗaya, sannan kowane biyu su rubuta a ƙaramin allo su ɗaga. A tambaye su: me ya sa mai shago ya rubuta 100 amma uwarka ta ce dala ashirin? Jadawalin biyar duka yana cikin wannan tambaya, kuma kowane yaro a Gaya yana da abin faɗi a kai.

Ajin zai yi surutu, kuma nan ne maganar ta koma kan manya. Muddin sufeto zai shigo ya ji hayaniya da Dendanci ya rage wa malami maki, babu malamin da zai sake gwadawa. Ina kira ga ma'aikatar ilimi ta rubuto a fili cewa malami yana da izinin buɗe tattaunawa da harshen yaransa, takardar ta isa hannun kowane sufeto da darakta a jihar Dosso. Makarantar horon malamai ta Mali Béro da ke Dosso ta fara koyar da ɗalibanta ta wannan hanya tun suna kan benci. Kuɗin tablet kuwa a juya shi zuwa man babur na mai ba malamai shawara, da katin waya, da ɗan faifan sola na caji a kowace makaranta, da kuɗin motar malamar ƙauye ranar CAPED, a riƙa biya a kan kari daga Oktoba har Yuni.