Ciwon da kika bincika a waya, wa kuma ya gani?



Yanzu da wuya mutum ya zo kantin magani bai fara tambayar Google ba. Ciwon sanyi, jinkirin haihuwa, maganin tazarar haihuwa, gwajin ƙanjamau: abin da mace ke jin nauyin faɗa wa yayarta ma, sai ta rubuta shi a waya. Ga shi a gidajenmu waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Yaro ya karɓa ya yi wasa, ƙanin miji ya ara ya duba sakamakon ƙwallo, da an taɓa wurin bincike sai tambayar jiya ta bayyana. Na sha ganin wadda ta daina shan magani don tsoron a gane ciwonta.

Mafi sauƙi shi ne shafin sirri, wanda Chrome ke kira Incognito. Da kin rufe shi, wayar ba ta ajiye tarihin binciken. Amma ki san iyakarsa: na gida yake ɓoye wa, ba kamfanin layinki ko shafin da kika shiga ba. A 2024 Google ya amince ya goge ɗimbin bayanan masu amfani da shafin sirrin, bayan ƙarar da aka shigar a Amurka.

Sai kukis, waɗanda ke sa tallar maganin da kika duba ta riƙa binki ko'ina. A saitin Chrome, sashen tsare sirri, akwai wurin toshe kukis na wasu kamfanoni. Ki leƙa myactivity.google.com ma, ki goge abin da ya taru, ki saita ya riƙa gogewa da kansa bayan wata 3.

Masu son ƙari su sani Chrome na Android ba ya karɓar ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza. Firefox yana karɓa, kuma uBlock Origin ɗaya ta wadatar. Ni dai ba na son a tara su barkatai, kamar haɗa magunguna ne, don wasunsu na iya karanta duk abin da kike buɗewa.

Wani shafin kan ƙi buɗewa bayan an toshe kukis, ko na asibiti ko na banki. Ki ba wannan shafin izini shi kaɗai, ki bar sauran a toshe.