A Daina Ɗora wa Aljani Laifin Gida

Duk mai karanta littattafanmu na Wattpad da WhatsApp ya san wannan yaron. Shekararsa takwas, ba ya magana, yana fitsarin kwance, ya shaƙe kyanwar gida, har an kama shi tsaye da wuƙa a kan jaririn amarya. Gaban mai karatu ya fara faɗuwa ke nan, sai marubuci ya warware komai: ai kishiya ce ta je wurin boka aka turo masa aljani. A kira malam, a yi ruƙiyya, a tono laya a bakin ƙofa, yaro ya warke, a kori kishiya. Tamat.

Wannan ragwanci ne, kuma na gaji da shi.

Ban ce babu aljanu ko sihiri ba, Alƙur'ani ya ambace su. Abin da nake cewa shi ne mun mayar da su mafakar gudun tambaya mai ciwo: me wannan gida ya yi wa yaron nan? Da zarar aljani ya shigo, uban da ke dukan matarsa a gaban 'ya'ya ya kuɓuta. Uwar da ke huce haushin miji a jikin ɗanta ta kuɓuta. Dangin da suka raba yaro da uwarsa ranar saki su ma sun wanke hannu.

Ku dubi yadda wasu suka riƙe irin wannan labari. A littafin We Need to Talk About Kevin na 2003, Lionel Shriver ta sa uwa tana rubuta wa mijinta wasiƙu bayan ɗansu ya kashe 'yan makarantarsu. Har ka rufe littafin ba za ka tabbatar ba: da muguntarsa aka haife shi, ko rashin ƙaunar uwar ne ya ƙera shi? A The Fifth Child na 1988 kuwa, Doris Lessing ta nuna yadda ɗa na biyar ya tarwatsa gida, aka kai shi wani gidan killace yara, uwar ta ɗauko shi, iyalin suka ƙi yafe mata. Tsoron yana cikin rashin amsa ne.

Kada a ce wannan sai Turawa. Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne, ta nuna magidancin da ya kori matarsa da 'ya'ya tara saboda amarya, ta ɗora masa laifinsa a ka.

Maganar kuma ta wuce nishaɗi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane, har da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa. Da yawa iyayensu ne suka kai su don a gyara musu hali. Labarin da ke koya wa uwa cewa matsalar ɗanta daga waje kullum take zuwa, yana cikin masu share hanyar irin wannan gida.

'Yan uwana marubuta, ku bar yaron da shirunsa, ku shiga ɗakin iyayensa da alƙalami. Abin tsoron yana can zaune a kan tabarma, yana jiran a kawo masa tuwo.