Manhaja Ma Tana Bukatar Yasa Kamar Rijiya

A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple na Amurka ya fitar da gyaran gaggawa ga wayoyinsa. Abin da ya jawo haka layi ɗaya ne tak, "goto fail;", wanda aka rubuta sau biyu a jere a sashen da ke tabbatar da cewa shafin intanet da mutum ya shiga na gaskiya ne. Layin farko yana ƙarƙashin sharaɗi, na biyun kuwa ba shi da sharaɗi. Saboda haka duk sa'ad da na'ura ta iso wurin sai ta tsallake binciken ƙarshe, ta kuma ba da shaidar cewa komai lafiya. Ke nan ɓarawon da ya tsaya tsakanin mai waya da bankinsa yana iya shigar burtu ba tare da an gane shi ba.

Abin takaici, irin wannan kuskure tsohon sananne ne. Tun a 1978 Stephen Johnson na ɗakunan bincike na Bell ya samar da wata manhaja mai suna lint, wadda ke karanta umarnin da aka rubuta wa kwamfuta ba tare da an kunna shi ba, ta nuna wuraren da ke da alamar tambaya. Cikin abubuwan da take tonawa har da layukan da na'ura ba za ta taɓa isa gare su ba, wato ainihin abin da ya faru a nan. Bari mu kira ire-irenta manhajojin tankaɗe. A yau akwai su kyauta ga kusan kowane harshe da ake gina shafuka da shi, kuma sukan kama wurin da aka ɗauki abin da baƙo ya rubuta a akwatin shafi aka miƙa shi ga rumbun bayanai ba tacewa. Wannan na cikin ƙofofin da ɓarayi suka saba shigowa ta cikinsu.

To amma kada mai karatu ya ɗauka tankaɗe kaɗai ya wadatar. A watan Afrilun wannan shekara ta 2014 aka gano ɓarakar da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafuka suka dogara da ita wajen rufa asirin saƙonni. An manta a duba tsawon saƙo, don haka maƙetaci yana iya yagar har kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwar na'ura a kowane roƙo, kuma kalmomin sirrin jama'a na iya kasancewa ciki. Shekara biyu kuskuren ya yi a waje, tun daga Maris 2012, manhajojin tankaɗen lokacin ba su kama shi ba. Rubutun ya riga ya cakuɗe, ya yi kauri da tarkacen shekaru. Da masu kula da OpenBSD suka ɗauko shi don su gina LibreSSL, layuka kusan 90,000 suka zubar a makon farko.

A nan ne gyaran ciki ya shigo, wato sake tsara rubutu ba tare da an canza aikin da yake yi ba. William Opdyke ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan haka a Jami'ar Ilinoi a 1992, littafin Martin Fowler na 1999 kuma ya yaɗa shi ga masu sana'ar. Aikin ba shi da armashi ko kaɗan. A raba dogon sashe zuwa gajeru, a haɗe abin da aka kwafa wuri biyar ya koma wuri guda, a sauya sunan da ba ya nuna ma'ana, a gwada bayan kowane taku kafin a ƙara wani. Kamar yasar rijiya ne: mai ɗiban ruwa ba zai ga sabon abu ba, guga dai ya daina fitowa da laka.

Na san abin da mai biyan kuɗin aikin zai ce, domin shi sabon maɓalli yake son gani. Yana da gaskiya ta wata fuska. Shafin taron mako guda bai cancanci wannan wahala ba, kuma gyaran ciki ba tare da gwaje-gwaje ba yakan rushe abin da ke tsaye. Haka su ma manhajojin tankaɗe sukan cika ihu a kan abin da bai kai ya kawo ba, har mai rubutu ya gaji ya kashe su. Maganin wannan shi ne a zaɓi ƙa'idoji kaɗan masu nauyi, a hana duk wani sabon rubutu shiga sai ya tsallake su. Shafin da ɗalibai ke rajista da biyan kuɗin makaranta ta cikinsa kuwa shekaru zai yi yana aiki, hannuwa da yawa za su taɓa shi, kuma wanda ya fara rubuta shi ya daɗe da barin wurin.

Shi ya sa nake ganin gyara ya kamata ya fara daga aji. Sau da yawa malami kan ba da maki da zarar shirin ɗalibi ya tashi ya nuna amsa. Da zan samu yadda nake so, da kowane ɗalibi ya miƙa aikinsa tare da rahoton tankaɗe, sa'an nan a zango na gaba a damƙa masa aikin wani ɗalibin bara, a ce ya ƙara masa abu guda ba tare da ya ɓata sauran ba.